Jan Ƙyallen Shushan

Vazgen ya kai 'yarsa Shushan, wadda tari ya ƙi saki, tsohuwar majami'ar kan dutse. Ya ɗaura jan ƙyallenta a bishiyar roƙo, inda ake ɗaura ƙyalle don neman waraka, ya yanka rago, sannan ya kwance wani tsumma daga reshe ya goge jinin hannunsa.

Da magariba suna gangarowa, wata tsohuwa ta tsayar da motar. Ga sanyi, amma bakinta ba ya tururi.

Ya ce, "Iya, shigo mu rage miki hanya."

"Bar shi, Vazgen ɗana. Tsumman da ka kwance shi ke riƙe da ran jikana. Ka kwance nawa, na kwance naka."

Ta buɗe tafinta, sai ga jan ƙyallen. A kujerar baya, tarin Shushan ya tsaya cak.