Awarwaron Kufan Marke

Yaya Tabawa ce ta fara ba ni wannan labari, 'yar kawuna, bayan sallar isha'i, muryarta ƙasa-ƙasa. A kan ƙanenta ne abin ya faru, Alhaji Lurwanu, wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar gona. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Shekara talatin da wani abu yana ofis, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki. Da aka karɓe kujerar, ya rasa wanda zai yi wa tsawa, sai ya ce zai binciko asalin gidanmu. Wai ya tabbata jinin sarauta ne mu, hancinsa ma ya isa shaida. Ya bi tsofaffi gida-gida yana yi musu tambaya kamar alƙali. Kowa ya ce masa, "Daga ƙauye muka zo, Lurwanu, bar shi haka." Shi kuwa sai ya ce jahilci ne ke damun su.

A ƙarshe wata gwaggo da ta fara ruɗewa ta saki masa sunan wurin: Kufan Marke.

Tabawa ta ce, "Kada ka je."

Ya ce, "Yaya, ku da camfi."

Ya tafi shi kaɗai. Ya ajiye mota inda hanya ta ƙare, ya taka. Bazara ce, rana tsaka, ko tsuntsu ba ya kuka. Babu gida ko ɗaya a tsaye, sai tudun ƙasa da fasassun tukwane. Can gindin marke ya ga tsohuwar rijiya, busasshiya. A bakinta wata tsohuwa na zaune tana kaɗi.

Ya yi sallama. Ba ta amsa sallamar ba. Ta ce, "Sannu, jikan Tanko. An daɗe."

Daɗi ya kama shi. Ya zauna a ƙasa da farin yadinsa, mutumin da ko a gidan makoki sai an nemo masa kujera.

Ta fara jero masa kakanni. Tanko ɗan Bawa, Bawa ɗan Gagare, har can inda bai taɓa ji ba. Yana ta gyaɗa kai. Ya dai lura bakinta kan rufe kafin maganar ta gama fitowa. Ya ce tsufa ne. Ya lura ƙafafunta jiƙe suke sharkaf, da ɗanyar laka har idon sawu, ruwa na ɗiga, ƙasa ba ta shanyewa. Ya ce wataƙila alwala ta yi. A wurin da ɗigon ruwa babu.

"Iya, a cikinsu wa ya yi sarauta?"

"Za mu zo nan. Ni ma ina neman nawa. Tanko ya tafi bai yi mini sallama ba. Ina kuka sauka?"

Ya faɗa mata garin, har da unguwa.

"Akwai 'ya mace ƙarama a gidan?"

"Akwai jikata, 'yar babban ɗana."

Mazarin ya tsaya cak.

"Sunanta."

"Amira."

"Wannan na kira ne. Na yanka nake so, wanda aka raɗa mata a kunne."

Ashe Alhaji bai san shi ba. Kun san yadda muke yi: yarinya ta ci sunan kakarta ta wajen uwa, sai a sakaya, ba mai kiran sunan gatsau. Ranar sunan kuwa yana Kaduna wajen taro. Tun daga nan bai taɓa tambaya ba. "Ke yarinya" yake ce mata, in ya ga dama.

"Ya kwanta mini," in ji shi.

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Ka zo neman matattu, na tsakar gidanka ba ka san su ba. Tanko ya fi ka kai."

Ta sa hannu cikin rijiyar, ba guga ba igiya, ta ɗauko awarwaron jan ƙarfe, ɗan ƙarami, daidai hannun yaro. Sanyi ƙalau.

"Sa mata wannan. Ka tambayo sunan, ka dawo. Ranar zan faɗa maka sarkinku."

Da ya yi nisa ya waiwaya. Marke na nan, rijiya na nan. Ba kowa.

To ku ji wautar. Da ya dawo gida, da fahariya ya ba su labari, yana juya awarwaron a gaban fitila, wai kayan gidan sarauta ne. Ya tambayi surukarsa sunan yarinyar, kunya ta hana ta faɗin sunan uwarta a gaban suruki, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Ya ce ba komai, gobe uban zai dawo daga tafiya, ya tambaye shi, a sa wa yarinya abinta.

Tabawa ta yafa mayafi ta taho wurina. Ita uwarta ta gaya mata abin da maza ba su sani ba. Ba sarauta muka yi ba. Masu tsaron rijiya ne mu. Kafin kakanninmu su kama salla sosai, kowane zamani sai a sa wa 'ya mace ɗaya wannan awarwaro, a kira sunanta a bakin rijiya. Daga ranar ba ta ƙara zama ta iyayenta, tana nan tana ramewa har ta tafi. Da abin ya zo kan 'yar Tanko, sai ya jefa awarwaron ciki, ya goya 'yarsa ya gudu, ya hana a ƙara yi wa 'ya'yansa tsagen gidan don kada a gane su. Abin da bawan Allah ya binne da hawaye, shi jikansa ya ƙona mai ya je ya tono.

Don haka nake gaya muku, kada wanda ya je kufai shi kaɗai, ko da rana tsaka. In baƙo ya san kakanninku fiye da ku, ku tambayi kanku me yake nema.

Washegari ina idar da asuba na tafi gidan. Na same shi a tsakar gida yana shan shayi, awarwaron na gefen kofi. Na sa bakin zanena na ɗauke, na ƙulle, na ba Tabawa ta kai wa maƙeri ya narkar.

Ya ce, "Hajiya, kayan tarihi ne fa."

Na ce, "Tarihin gidanka ga shi can yana rarrafe."

Na ɗauko Amira na ɗora masa a cinya, da majinarta da komai, a kan farin yadin.

"Riƙe ta, Lurwanu. Ka koyi fuskarta. Sunan kuwa na riga na gaya wa ubanta a waya, ba za ka ji shi ba har ka mutu."