Batir Ɗin Da Ya Fashe A Hanyar Galma

Sufeto Ibrahim bai ko kurɓi shayinsa ba aka kawo rahoto komisariyar Madawa, wato ofishin 'yan sanda. Jiya bayan magariba wani mai babur ya kaɗe Malam Ɗanladi, dattijo mai noman albasa, yana dawowa daga garka a hanyar Galma. Mai babur ya gudu. Kafin a kai dattijon asibiti rai ya yi halinsa.

Sufeto ya je wurin, ya durƙusa yana duban ƙasa. Ya ga inda wani ruwa ya zuba ya bar fari-fari, da wari mai hawa hanci. Gefe ga guntun baƙar roba da aka yanko daga tsohon tub na taya, ga kuma ɓallin farin kwanon batir. Ruwan batir ne, ba ko shakka. Sufeto ya san warin nan farin sani, don babur ɗinsa na aiki ya gama koya masa duk wata cutar wuta da ke duniya.

Sai kuma sawu. Taya ta nufi gari, sawun mutum na biye da ita ta gefe. Tura babur ɗin aka yi, ba hawa ba.

Yana komawa ofis ya tarar da ƙofa cike da mutane. Sun jawo wani ɗan kabu-kabu mai suna Shafi'i, riga a yage, leɓe a fashe. Gaban taron Hamza ne, ƙaramin ɗan mamacin, idanu jajir.

"Shi na!" in ji Hamza. "Kowa ya san motonai ba shi da hitila. Kuma yau da sahe anka gane shi shina sayen sabon batir!"

Da ƙyar Sufeto ya ƙwaci Shafi'i ya tura shi ciki. Komiser, shugaban ofishin, ya kira Sufeto gefe, ya ce gobe da safe a miƙa mutumin ga mai gabatar da ƙara, gari ya huta. Sufeto ya san duk wanda ya shiga gidan kaso da jinin dattijo a kansa, ko an sake shi daga baya, Madawa ta gama zaunuwa gare shi.

Ya zaunar da Shafi'i a benci.

"Jiya bayan magariba kana ina?"

"Masallaci, Shef."

"Wane?"

"Na bakin tasha."

"Limamin nan maƙwabcina ne. In aika a tambaye shi?"

Shafi'i ya sunkuyar da kai. "Jarkokin esansi, man moto, ni ɗauko ma wani daga ƙauye, Shef. Na ji tsoron duwan, masu kama 'yan sumoga, shi ya sa ni yi ƙarya. Amma wallahi ban bi hanyar Galma ba."

"Me ya sa ka sayi batir yau?"

"Hitila ta ƙi kamawa. Ni ce ko batir ɗin na ya mutu."

Sufeto ya fita tsakar ofis inda aka jingine babur ɗin. Ya murza makulli, ya danna fitila. Ko ƙyas. Sabon batir, amma duhu na nan yadda yake. Ya buɗe murfin gefe, ya duba fiyus, lafiya lau. Ya bi baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, ya tarar tsatsa ta cinye bakinta. Ya kankare da wuƙar aljihu, ya ɗaure, fitila ta kama tar.

Bawan Allah ya sayi batir a banza. Amma ba wannan ne ya dami Sufeto ba. Akwatin batir ɗin tsaf yake, ba alamar ruwa ko ɗigo. Wannan kuwa ba zai gamsar da komiser ba, don ana iya wankewa.

"Ina tsohon batir ɗinka?"

"Shina wurin Tanko, can ni bar shi."

Tanko yana da rumfar gyaran babura bayan kasuwa, yana kuma sayar da batura. Mutum ne mai surutu kamar rediyo, amma yau da ya hangi Sufeto sai bakinsa ya mutu. Ya ɗauko tsohon batir ɗin Shafi'i ya ajiye a tebur. Ƙarami ne, irin rufaffen nan da ba a zuba wa ruwa, baƙi, ba tsaga ko ɗaya.

Sufeto ya fito da ɓallin da ya tsinta.

"Wannan na wane iri ne?"

Tanko ya kalla, ya kau da kai. "Na ruwa na. Yanzu wa ka sayen na ruwa? Na daɗe ban saida ba."

"Ka daɗe?"

"Ƙwarai kuwa."

Sufeto ya sa ƙafa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Kwalin batir ne, sabo fil, a ciki ga gorar ruwan batir da aka juye, bakinta bai gama bushewa ba. Kwalin ya yi wa babur girma nesa ba kusa ba.

"Wannan ai na babur mai ƙafa uku ne, Malam Tanko. Wa ya saya?"

Tanko ya share zufa da hular kansa. "Shef, ka yi mini rai."

"Akwai mutum a kulle da za a kai kaso gobe. Shi wa zai yi masa rai?"

"Na hwaɗa mishi, Allah shina gani. Ni ce wanga ba ya shiga akwatin motonka, ka ɗauki daidai da shi. Ni ce in batir na mutuwa kullum, waya ta ka shan wuta, a bincika waya tukuna. Yac ce shi babba shika so, mai ƙarhi, wanda ba ya ƙarewa. Ni yanko mishi roba yad ɗaure shi ta waje."

"Wa?"

"Ƙaƙa zan ambaci sunan mutum shina zaman makoki?"

Sufeto ya tsaya cak. Sai da ya maimaita tambayar sau biyu kafin Tanko ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Hamza."

Sufeto ya so a ce Tanko ƙarya yake yi.

"Hamza ba shi da babur."

"Na wanshi na, Lurwanu, wanda ke Abijan. Kun san yadda 'yan ci-rani ka yi in za su tahi. A cire batir, a lulluɓe moto cikin ɗaki, ba mai taɓawa sai mai shi ya dawo. Malam Ɗanladi da kainai yac cire shi. Dut unguwa an san moton ga matacce na."

Da la'asar Sufeto ya isa gidan makoki tare da ɗan sanda ɗaya. An riga an kai mamaci tun hantsi. Maza na zaune bisa tabarmi a ƙofar gida, Hamza a tsakiyarsu yana amsa gaisuwa. Sufeto ya zauna, ya yi addu'a tare da kowa, sannan ya nemi izinin gaida uwar gida.

Inna Cima, matar mamacin, tana zaune a rumfa, carbi a hannu. Ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya.

"Inna, ina neman alfarma. Ina son ganin ɗakin Lurwanu."

"Mi za ka gani ciki, ɗana? Moto na kawai, ko motsi ba ya yi." Ta ɗaga murya. "Hamza, kawo makullin ɗakin Lurwanu."

Hamza ya shigo. "Makullin ya ɓace, Inna. Wurin Baba ya ke."

"A'a. Shina cikin tukunyar da ka sani."

Ba yadda ya iya. Ya ɗauko, ya buɗe.

Babur na nan a lulluɓe da tsohuwar tabarma. Ƙura ta rufe komai na ɗakin, har buhunan da ke jingine, amma ban da tabarmar. Sufeto ya yaye ta. Gilashin fitila a fashe, ƙarfen gaba a lanƙwashe. Gefen injin duk ya yi fari-fari inda ruwan batir ya ci fenti.

Ya leƙa ƙarƙashin tanki. Ɓeraye sun yi biki a wayoyin nan, sun gaigaye robarsu, wasu sun narke sun manne da juna. A gurbin fiyus kuwa, takardar azurfa ta kwalin taba aka nannaɗe aka cusa.

Bayan buhunan ga batir ɗin, fari, babba, kusurwa ɗaya a ɓalle. Sufeto ya ɗora ɓallin da ke aljihunsa, ya zauna daram.

"Hamza, ɗaga wandonka."

Bai motsa ba. Ɗan sandan ya sunkuya ya ɗaga. Ƙwaurin dama a ɗaure da tsumma, fatar gefe ta saɓule.

"Fiyus ya yi ta tsinkewa, ka sa takarda," in ji Sufeto a hankali. "Batir ya yi ta mutuwa, ka sayo babba. Kana tafe wayoyi suka ƙone, fitila ta ɗauke. Haka ne?"

Hamza ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

"Kullum in Baba ya tahi garka nika hiddo shi, in ɗan zagaya in maido. Jiya na makara. Ina sauri in riga shi isowa gida, sai hitila tam mutu. Ban ga kowa ba, ƙara kawai ni ji. Ni tashi, ni ga mutum kwance cikin duhu, tsoro yak kama ni. Ni kwashi batir ni turo moto ta bayan gari."

"Ba ka duba ko wane ne ba?"

"Ban duba ba." "Sai da anka zo anka hwaɗa muna."

"Shafi'i fa? Me ya yi maka?"

"Mutane sunka ce wa ad da moto marar hitila. Ni ce Shafi'i. Da ni hwaɗa sau guda, ban iya komawa ba."

Sufeto ya juya, sai ya ga Inna Cima tsaye a bakin ƙofa. Bai san tun yaushe take wurin ba. Ya yi shekaru yana wannan aiki, amma bai taɓa jin ya tsani aikinsa kamar yau ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa.

"Waɗanda sunka ɗauko shi sun ce da sauran numfashinai," ta ce. "Sun ce shina ta kiran suna guda, naka, a zo a ɗauke shi. Ni ɗauka don kai na ƙaraminai."

Hamza ya kifa fuska a ƙasa yana gunji. Sufeto ya bar shi har ya lafa, sannan ya kira ofis ya ce a saki Shafi'i, a raka shi har gida, a kuma faɗa wa unguwarsu da babbar murya cewa ba shi ne ba.

Bai sa wa Hamza ankwa ba. Ya riƙe hannunsa, suka fito ta gaban tabarmin makoki. Maza suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin gida aka ji Inna Cima tana cewa a rufe ɗakin nan, kada kowa ya kira Lurwanu, ita za ta faɗa masa da bakinta.