Ɗigon Jan Farce A Bayan Gilashi

Rashin sani ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya gane ya yi kuskure, maimakon ya gyara sai ya nemi abin da zai rufe. A kan wannan zan ba ku labari, ku kuma buɗe kunnuwanku, don ni ba na maimaita magana.

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, kalkuletan babanta ta kai masa gyara. Teburinsa na ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, agogunan hannu rataye a ƙusoshi, shi kuma ya lanƙwashe kamar naɗe shi aka yi kafin ya shiga wurin.

"Lambobin sun dusashe," ta ce. "Na canja batir, bai yi ba."

Ya kwance, ya goge 'yar robar da ke kai wuta ga gilashin, ya mayar, ya miƙa shi cikin rana. Lambobi suka fito baƙi ƙirin.

"Irin wannan gilashin ba shi da fitila a ciki," ya ce. "Madubi ne a bayansa, hasken da ya samu shi yake maidowa."

"Na sani, malam. Ni nake yi wa allunan lantarki na shagonmu darma."

Ya ɗago da sauri don ya ga wace ce wannan, kansa ya bugi matakala. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar agogonta ya fara lalacewa duk mako.

Babanta, wanda kowa ke kira Mai Sikeli, ya shekara talatin yana haɗa sikeli mai allura. Mutum ne mai gaskiya, amma abin da idonsa bai gani ba, ko za ka kwana kana rantsuwa ba zai yarda ba. Da zamani ya juya, 'yan kasuwa suka koma son sikeli mai lamba, sai ya ɗauki wani mai takardu da ake kira Injiniya. Shekara bakwai Injiniya yana shagon, har mabuɗi a hannunsa yake. Ya kuma daɗe da shaida wa Mai Sikeli cewa Auta yake so, ita ce dai ba ta taɓa ba shi fuska ba.

Da maganar Dogo ta kai gida, Mai Sikeli ya ɗaure fuska.

"Mai gyaran agogo? Na ƙarƙashin bene?"

"Ka gan shi tukuna mana," in ji Mama, mahaifiyar Auta.

"Zan ga aikinsa. Fuska ba ta riƙe aure."

A lokacin ƙungiyar masu sayar da hatsi ta ba shi aikin sikeli arba'in, waɗanda za su wuni a tsakiyar rana, shi ya sa aka zaɓi gilashi mai madubi. Saura allon da zai riƙa tura wa gilashin wuta. Mai Sikeli ya ce Injiniya ya haɗa ɗaya, Dogo ya haɗa ɗaya, a kawo masa.

Ranar gwaji aka jera su a kan benci. Duka biyun suka kama. Na Injiniya kayansa kaɗan ne, tsaf da shi. Na Dogo ya fi tarkace.

"Wannan ƙarin na mene ne?" Mai Sikeli ya tambaya.

Dogo ya rusuna. "Baba, ruwan da ke cikin gilashin nan ba ya son wuta ta gefe ɗaya. Sai an riƙa juya ta, yanzu ta gaba, yanzu ta baya, sau da yawa a daƙiƙa guda. In aka bar ta tana turawa ta hanya ɗaya, zai yi aiki yau, amma sannu a hankali zai yi tabo, lambobin su manne."

"Wato nawa zai lalace ke nan?" Injiniya ya ce yana murmushi.

"Ban ce don in ɓata maka ba, yallaɓai. A gyara shi ne kawai."

Injiniya ya ɗauko mitar auna wuta, ya murɗa ta, ya miƙa wa Auta. "Ke ki auna da hannunki, kada a ce na yi son kai."

Ta ɗora wayoyin a kan nasa, mita ta nuna uku. Ta ɗora a kan na Dogo. Sifili.

"Ka gani, Baba," in ji Injiniya. "Babu wutar kirki a ciki. 'Yar ragowa ce ke yoyo, gobe ko jibi zai mutu. Surutun nan duk don a rufe ido ne."

"Baba, in aka murɗa mitar zuwa..."

"Na tambaye ka?" Mai Sikeli ya katse shi. "Shekara talatin ina aiki da allura, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Mutane ne suke yi."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ba a yi masa tarbiyyar ja-in-ja da babba ba.

Auta ta durƙusa. "Baba, alfarma ɗaya. A bar su duka a taga, a kunne, kwana ashirin."

Ya daɗe yana dubanta. "Na ji. Amma kafin nan kada in ga ƙafarsa a shagon nan ko ƙofar gidana. Ba zan yi miki dole ba, Auta. Amma ba zan ba mayaudari 'yata ba."

Da yamma saƙon Dogo ya shigo wayarta.

"Sanyin idona, ban yaudari Baba ba. Mitar an sa ta ne a wajen wutar batir. Tawa tana zuwa tana komawa daidai wa daida, shi ya sa ta ga sifili. Ki murɗa ta zuwa alamar da ta yi kamar igiyar ruwa, ki sake aunawa."

Ba ta amsa ba. Da hannunta ta auna, da idonta ta ga sifilin, a gaban babanta kuma. Kwana uku ba ta taɓa mitar ba, don tana tsoron ta murɗa ta sake ganin sifili. A rana ta huɗu, da Injiniya ya fita cin abinci, ta murɗa ta, ta rufe ido ta ɗora wayoyin a kan na Dogo. Da ta buɗe, uku da ɗoriya. Nan take ta tura masa saƙo.

"Dogona, ka yafe mini. Na auna. Na ji kunyar kaina."

"Babu komai, gimbiya. Ni ma da na ga sifilin nan sai da na tsorata. Kin ci abinci?"

"Ana maganar aurenmu kana maganar abinci."

"Amarya mai rama ba ta kyau a hoto. Ki sa ido a kan gilashinsa. Kafin mako biyu za ki ga inuwar lamba ko an kashe shi."

Ta nuna wa babanta sabon awon. Ya ce shi bai san wata igiyar ruwa ba, taga ce za ta raba gardama.

Kwana goma suka wuce, gilashin Injiniya fes. Sha biyu, fes. Sha biyar, kamar yau aka fito da shi daga kwali. Na Dogo ma lafiya lau, amma wannan bai isa ba, don ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa na Injiniya zai yi tabo. Injiniya kuwa har ya gama haɗa alluna arba'in a kan tsarinsa, ya kuma fara kiran Mama da surukata.

"Dogo, babu tabo. Saura kwana biyar."

Amsarsa ta shigo wayarta.

"Ban san me zan ce ba. Abin da na sani na faɗa. In Baba ya yanke, ba zan sa ki saɓa masa ba."

Ta karanta ta kifa wayar a cinya. Mama ta same ta a kicin, tukunya na ƙonewa ba ta sani ba.

"Ke da kike darma kullum, kuka za ki zauna yi?" Mama ta ce tana sauke tukunyar. "Wa yake buɗe shagon da safe?"

Auta ta ɗago ta dubi mahaifiyarta.

Washegari kafin a tashi aiki, ta ɗauko jan farcenta a jaka, ta ɗiga ɗan ƙaramin ɗigo a gefen bayan gilashin Injiniya, inda ba mai lura. Rana ta sha bakwai ɗigon na nan. Ta sha takwas yana nan, kuma da ta karkata gilashin ta ga wata inuwa siririya a ƙarƙashin lamba ta tsakiya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar sha tara ta iso shago, gilashi fes, ɗigo babu.

Rana ta ashirin Mai Sikeli ya sa aka kira Dogo. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Aka kashe allunan, tsohon ya ɗaga gilashin Injiniya a rana, ya juya shi.

"Ina tabon da ka ce?"

Dogo ya leƙa gilashin, ya gan shi fes.

"Baba," in ji Auta, "wannan ba shi ne gilashin da aka fara da shi ba."

"Auta, so ya rufe miki ido," in ji Injiniya.

"Gilashi nawa aka kawo mana a kwali, Baba?"

"Arba'in da takwas. Ni na ƙirga."

"Biyu na taga. A ƙirga sauran."

Mai Sikeli ya janyo kwalin da kansa. Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kan benci. Arba'in da biyu.

"Huɗu fa?"

"Wataƙila sun fashe a hanya," Injiniya ya ce.

"Buɗe durowarka."

"Baba, shekara bakwai..."

"Shi ya sa na ce ka buɗe da hannunka, ban fasa ba."

Suna can ƙasa, naɗe cikin tsumma. Mai Sikeli ya fita da su rana, ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya. Babu waya, babu batir, amma ga inuwar lambobi manne a cikinsu, gefunansu sun yi duhu. A bayan na huɗun ga ɗigon ja, irin na farcen 'yarsa.

"Tun yaushe ka sani?"

Injiniya ya share gumi. "Tun kwana na biyar. Na ce in an wuce gwajin sai in gyara a hankali."

"Ka sani, ka kuma haɗa arba'in a haka. Da sun je kasuwa, mai hatsi ya duba ya kasa gane uku ne ko takwas, sunan wa za a kira? Naka?" Ya miƙa hannu. "Mabuɗina."

Sannan ya juya wajen ƙofa. Mai Sikeli bai saba ba da haƙuri ba, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kai, shigo. Ka kula da kanka, ƙofar gajera ce. Na kira ka mayaudari a gaban mutane, a gabansu nake janyewa. Zo ka nuna mini igiyar ruwan nan taka."

Dogo ya durƙusa. "Baba, ai ɗa ba ya riƙe uba."

"Tashi. Kwana nawa za ku gyara arba'in ɗin?"

Dogo ya dubi Auta. "In da mai darma, kwana tara."

"Takwas," ta ce. "Kai ne mai nawa."

A kwana takwas suka gama, Mama na zaune a kujera tana gadinsu. Sikeli suka tafi kasuwa, ba wanda ya dawo. Bayan wata biyu Mai Sikeli ya turo a gaya wa Dogo ya aiko manyansa.

Da safiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo wayar amarya.

"Matata, ko in jira sai an shafa?"

"Ka jira. Kai ne ka koya mini a yi abu a kan ƙa'ida."

Da za a kai ta, Mai Sikeli ya dafa kanta. Tsohon da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya juya fuska gefe.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. In ɗayanku ya yi kuskure, ya faɗa tun da wuri."

Kowa ya ce amin.

Shi kuwa Injiniya, ga abin da ya tafi da shi. Da ya buɗe baki a kwana na biyar, gilashi ɗaya ne ya lalace, kuma da har yau yana bencinsa. Ya rufe, sai ya rasa gilashi huɗu da aikin alluna arba'in. Ya rasa mabuɗin shago da amanar shekara bakwai. Ya rasa yarinyar da dama ba tasa ba ce. Har yau kuma a layin masu gyara, in ya kawo aiki, sai an juya bayansa an duba kafin a karɓa.