Ɗan Dakon Hazel

Saura ƙiris in fasa rubuta labarin nan, domin ni ba gwanar magana ba ce, karatuna kuma bai yi nisa ba. Sai na ga zai fi mini sauƙi in ba da shi kamar labarin wata.

Hazel tana gyaran katangar dutse a gonar tumakin mahaifinta da ke saman ƙauyen Reeth ranar da ta fara ganinsa. Dogon saurayi ne, ya jiƙe sharkaf da gumi, da ƙatuwar jaka a baya, yana haura tudu da sassarfa. Ya iso ƙyauren da ke tsakanin makiyaya da rafi, ya wuce, ya juyo ya rufe shi da kyau, har da ɗaure igiya.

Hazel yarinya ce da ko a kanti aka yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Amma tumaki suna sama, ruwa yana ƙasa, ga rana.

"Kai mai jaka," ta ce. "Ba a buɗe ka tarar da shi ba?"

"A buɗe na gan shi, shi ya sa na rufe muku."

"Da gangan muka bar shi. Ta nan tumaki ke zuwa shan ruwa."

Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ya kwance igiyar yana cewa, "Mu a garinmu Darlington an koya mana duk ƙyauren ƙauye rufewa ake yi."

Sunansa Kieran, bakanike ne. Jakar kuwa cike take da yashi da tsofaffin barguna. Yana shirin shiga rundunar ko-ta-kwana ta sojojin laima masu dirowa daga jirgin sama, waɗanda ke sana'arsu a ranakun aiki, su sa kaki a ƙarshen mako. Kafin a ɗora wa mutum jar hularsu sai ya ci tantancewa a barikin Catterick: gudu da kaya a kan tuddai, ɗaukar gungume, da tafiya a kan ƙarafa can sama.

"Wato dako kake yi ba lada," in ji Hazel. Ita kanta ta yi mamakin bakinta.

Daga nan duk Asabar sai ya biyo ta gonar. Ita kuma aikin katanga ya ƙi ƙarewa. Takan zo da shayi da burodi da cuku, ta zauna tana kallon yana manna filasta a dugadugansa da sabon takalmin soja ya sale. Da yamma wayarta ta yi ƙara:

"Makiyayiyata, yau na haura tudun ban tsaya ba. Na san kina sama ne shi ya sa."

Sai ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, kafin ta tura: "Sannu ɗan dakona. Ka jiƙa ƙafarka a ruwan gishiri."

Baba Norman, mahaifinta, bai so zancen ba ko kaɗan.

"Sojan Asabar da Lahadi?" ya ce, yana goge faranti da burodi. "Mutumin da zai bar lafiyayyen jirgi ya faɗo ƙasa da son ransa? Ni mai zama a gonar nan nake nema miki, ba mai wasa da buhun yashi ba. Ga Stuart nan."

Stuart ɗan maƙwabtansu ne, gonarsu katanga ɗaya da tasu, yana da sabon babur mai ƙafa huɗu da yake son a gani. Hazel ta kwashe farantai, idonta ya cika.

Ana cikin haka, a watan Maris, Kieran ya daina zuwa. Saƙonsa ya koma "Lafiya lau" da "Aiki ya yi yawa". Stuart ya tsayar da baburinsa a bakin garke yana murmushi.

"Ina sojan namu? Kallo ɗaya babanki ya yi masa ya gudu. A haka zai yi yaƙi?"

Hazel ta yi fushi, ta daina tura saƙo ita ma.

Sai ga ƙanƙara a Afrilu, daidai lokacin haihuwar tumaki. Ta rufe hanyar saman tudu, tumaki masu ciki suna can ba abinci. Baburin Stuart ya kafe tun a gindin tudu, gwiwar Baba Norman kuma ta daɗe da gajiya. Hazel ta ɗauki waya:

"Ƙanƙara ta tare mana tumaki a sama. Ba roƙonka nake ba, faɗa maka kawai nake."

Kafin hantsi sai ga Kieran ya iso. Ya zazzage yashin a tsakar gida, ya cusa buhun abincin tumaki a jakar, ya ɗaure damin ciyawa a sama. Hazel tana gaba da kare tana nuna hanya, shi yana biye, ƙanƙara har gwiwa. Ya hau ya sauko, ya sake hawa, har garken ya ƙoshi. A saukowar ƙarshe ta ga yana jan ƙafar hagu, yana cije leɓe.

A kicin ta durƙusa ta zare masa takalmi. Ƙwaurinsa ya kumbura, ko taɓawa ba ya so.

"Tun yaushe?"

"Tun Maris. Kullum ina gudu da kaya a kan kwalta, na ƙi hutawa. Likita ta ce in ajiye jaka har ranar tantancewa, in ba haka ba ƙashin zai tsage." Ya kau da kai. "Kunyar ki gan ni ina ɗingishi nake ji."

"Yaushe ne tantancewar?"

"Mako mai zuwa."

Baba Norman yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

"Ka san haka ka hau?"

"Na sani, Baba."

"Lallai kai wawa ne," in ji tsohon. Ya juya ya ɗora buta a wuta, ya zuba masa shayi da hannunsa.

Ƙashin ya tsage kuwa. 'Yan rukuninsa suka tafi Catterick suka bar shi da sanda. Da ya warke, Baba Norman ya kira shi a waya da kansa.

"Ka zo Asabar. Ba jaka, ba gudu. Ni da kare za ka bi."

Duk bazarar nan Kieran ya yi ta taka ciyawa mai laushi a bayan tsoho, yana kora tumaki, yana loda dami. Sai daga baya aka bar shi ya koma ga jakarsa, da kaɗan-kaɗan, Hazel na auna masa yashin, tana hana shi ƙari ko ya yi magiya.

Da kaka ya tafi tantancewa. Kwanakin nan Hazel ta yi ta ƙona abinci har babanta ya daina magana. Ranar Juma'a suna garke saƙo ya shigo:

"Makiyayiyata, kaina ya samu hula. Yanzu saura ke."

Ta miƙa wa Baba Norman wayar. Ya nisantar da ita daga ido ya karanta a hankali.

"Har yanzu ban ga hikimar faɗowa daga jirgi ba," ya ce. "Amma ki ce masa ya zo Lahadi cin abinci. Ya sa hular in gani."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauye. Abokan Kieran suka jeru a ƙofa da jajayen huluna, Stuart ma ya zo, ya ci nama fiye da kowa. Baba Norman ya miƙe da kofi a hannu, ya ce, "Na ba shi 'yata, kuma ban ji tsoro ba. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sauko mana da shi lafiya duk sanda ya hau." Sai ya zauna da sauri yana neman hankici.

Washegari da safe Hazel ta kai ango a mota zuwa tashar jirgin ƙasa, domin an kira shi horon dira da laima. Ba ta yi kuka ba. A hanyar dawowa ta tsaya kantin ƙauye sayen sukari, kantin cike da mutane. Mai kantin ta leƙo ta ce, "A'a, amarya ke kaɗai? Ina angon?"

Hazel ta ɗaga kai, ta dubi kowa ido cikin ido.

"Mijina ya tafi dirowa daga jirgin sama," ta ce, da muryar da har na bakin ƙofa ya ji.