Kwando Na Uku

A can da, a wani ƙauye bakin daji, an yi wata tsohuwa mai kwanduna biyu. Duk abin da mata suka tsinko, sai su kawo mata. Ta duba, ta ce, "Na ci ne," ko ta ce, "Na zubarwa ne."

Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, rumbuna suka zama fayau. Mata suka ciko ƙorai da 'ya'yan anza, wani itacen daji.

Suka ce, "Iya, na ci ne, ko na zubarwa?"

Ta ɗanɗana, ta tofar don ɗaci. Har ta miƙa hannu wajen kwandon zubarwa, sai ta tuna waɗansu 'ya'yan anza da suka taɓa faɗawa tulunta, suka kwana biyu a ruwa, kaji suka cinye lafiya lau.

Ta ɗauko kaba, ta hau saƙa sabon kwando.

Mata suka ce, "Iya ta rikice! Tun kakanni kwando biyu ne."

Ta ce, "Kakannin ai da yatsu suka saƙa su. Ni nawa yatsun kuturta suka yi?"

Ta jiƙa anzar kwana bakwai, kullum tana sake ruwa. Ta dafa, ta fara ci a gabansu. Ɗaci ya tafi, yara suka ƙoshi.

Suka ce, "To, Iya, na ci ne, ko na zubarwa?"

Ta ce, "Na jiƙo ne."

Tun ranar, kullum akwai damin kaba a jingine kusa da kwandunanta uku.