Furannin Da Baba Ya Sassaƙa

"Wa ya taɓa mini tebur? Widuri, wa ya yi wannan ɓarnar?!"

Widuri ta kasa ɗaga ido. Gunarto, wanda saura ƙiris a ɗaura musu aure, yana tsaye a tsakar gidansu, yana nuna teburin.

A garinsu Jepara ango ne ke kawo kayan katako gidan amarya, kuma garin da kowane gida akwai masassaƙi ba a kawo abin kunya. Shi ya sa Gunarto ya kawo aikin da ya fi ji da shi: tebur irin na Turawan da, mai siraran ƙafafu, samansa sumul babu ko ɗigon zane, sai jijiyoyin itacen nan mai tsada da ake kira jati kawai. Irinsa baƙi ke rububi a shagonsa.

Shi kuwa mahaifinta, Baba Karmani, tsohon masassaƙi ne, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin tebur tsirara an ce an gama shi ba. An daɗe da daina kawo masa aiki saboda rawar hannu. Sai bawan Allah ya ɗauka girmama shi yaron ya yi, ya bar masa wurin sa hannu. Har da hawayensa na murna! Ya zaro ƙarafunansa ya duƙufa, ya zagaye teburin da furanni, wasu a karkace, wasu sun zarce layi.

"Baba ne," ta ce a hankali. "Masoyi, don Allah rage murya..."

"In rage murya? Kin san yadda na sha wahala kafin na samu wannan katakon?"

"Na sani, wallahi na sani. Amma da ka ga yadda ya dawo cin abinci, yana dariya..."

"Dariya? Dubi fa! Ko ɗan koyo ba zai yi wannan jagwalgwalon ba!"

Tari suka ji a bayansu. Baba ne a bakin ƙofa, ya ji komai.

"Ɗana," ya ce, "ashe ba ni ka bar wa ba?"

Kalma ɗaya ta ƙarya da ta wadatar. Widuri ta zuba wa Gunarto ido tana roƙonsa da zuciyarta.

"A'a, Baba. An riga an gama shi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya shiga ɗaki ya fito da samfefa, ya durƙusa da ƙyar, ya fara goge furen farko da hannun nan mai rawa.

"Baba, bari! Gunarto, in kana ƙaunata ka hana shi!"

Gunarto ya matso, har ta ji sanyi a ranta. Ya sunkuya ya leƙa katakon.

"Zanen bai yi zurfi ba, zai gyaru. Baba, bi jijiyar itacen, kar ka goga a gicciye."

Nan take wani abu ya mutu a ƙirjinta. Tana son mutumin nan kamar ranta, shi ne abin takaicin, kuma ta san gobe ma za ta tashi da sonsa. Ta zare zoben baikon tana kuka, ta ajiye masa a kan teburin.

"Widuri... abar ƙaunata, a kan katako?"

"Kai ma a kan katako ne."

Ta durƙusa kusa da mahaifinta ta riƙe hannunsa don ya daina. Ya zame hannun a hankali, bai ɗago ba.

"Sake ni, 'yata. Bari in gyara wa mutane kayansu."