Kwalbar Liman

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda: jirgin kaya ya matse mai haɗa taragu a filin tasha. Ko da Sufeto ya isa, an lulluɓe gawar da tamfol, takalmi ɗaya na yashe tsakanin layin dogo.

Liman ake ce wa mamacin, don ko sigari ba ya sha. Sai ga shi an zaro katin ƙwaya daga aljihunsa.

"Ranka ya daɗe, magana ta ƙare," in ji manajan tasha. "Dokarmu ce, da an yi hatsari a gwada fitsarin direba. Mun gwada, fes yake. Mamacin ne ya bugu, ya shiga tsakanin taragu bai ɗaga tuta ba."

"Iyalinsa fa?"

"Wanda ya mutu da laifi, iyalinsa su tashi daga gidan ma'aikata. Ba ni na kafa dokar ba."

Direban ƙanin mamacin ne, ciki ɗaya. Sufeto ya same shi zaune a matakalar injin jirgin, ido jawur.

"Ka ga tuta?"

"Wallahi ban gani ba, yallaɓai. Ni ne ma na fara rungumar Yaya da ya faɗi. Ban taɓa sanin yana sha ba."

Sufeto ya hau cikin injin. A jikin wani bututu mai zafi ya ga safa ɗaya ɗaure da waya, ba komai a ciki.

"Wannan fa?"

"Shayi nake ɗumamawa."

"A safa?"

Direba ya sunkuyar da kai.

A asibitin tasha nas tana wanke hannu. "Fitsarin direban ba ƙwaya, ba giya," ta ce. "Sai dai suga ya yi masa yawa. Ni na rasa gane tashar nan. Direbobi, masu birki, duk wanda na gwada sai suga. Bakina har ya gaji da hana ƙatti shan zaƙi."

"Kina ganinsu sa'ad da suke yi?"

"Haba Sufeto! Ni mace, in bi su banɗaki? Taɓa kwalbar nake yi, in da ɗumi shi ke nan."

Sufeto ya tuna da safar nan ta jikin bututu mai zafi. Daga nan ya wuce gidan ma'aikata. Matar Liman na zaune a tabarma, 'yarta ƙarama ta kwanta a cinyarta. Tuni masinja ya zo ya gaya mata ta fara haɗa kaya. Sufeto ya gaya mata abin da aka zaro daga aljihun mijinta.

"Ƙwaya?" ta ce, muryarta a dashe. "Mutumin da ciwon suga ya hana shi ko shayi mai zaƙi?"

Sufeto ya tsaya cak. A bakin taga ga ƙananan kwalabe an wanke an kife.

"Na waye waɗannan, baiwar Allah?"

"Nasa ne. Duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin gwaji, sai ya cika su da fitsarinsa ya tafi da su. Na sha ce masa, kai ne rijiyar tasha? Sai ya ce masu iyali ne, in aka kore su ina za su."

"Yau fa?"

"Guda ɗaya. Ƙaninsa ya zo da sassafe ya karɓa da hannunsa."

Sufeto ya sa Saje ya kawo direba asibiti. Ya miƙa masa sabuwar kwalba, ya tokare ƙofar banɗaki da ƙafa.

"Yi wani. A gabana."

Direba ya daɗe yana kallon kwalbar. Can ya sulale ƙasa.

"Biyu kawai na sha, don kada barci ya ɗauke ni. Na ga tutar, yallaɓai. Na gan ta ja. Hannuna ne ya ƙi zuwa birki."

"Katin aljihunsa fa?"

"Da na rungume shi na zura masa. Na ce ai shi ya riga ya tafi, ba abin da za su yi masa."

"Ya ba ka fitsarinsa da safe, ka wanke kanka da shi da hantsi," in ji Sufeto. "Saje, sa masa ankwa."

A bakin ƙofa Sufeto ya tari manaja. "Ka ji dai. Matar nan ta kwance kayanta."

Manaja ya gyara wuyan riga. "Ai ranka ya daɗe, ba da fitsari ma karya doka ne. Laifin ya canja suna kawai. Gidan za ta tashi."

Sufeto ya dube shi har sai da manajan ya kau da kai, amma ba abin da zai kama shi da shi.

Aka fito da direba ta tsakiyar fili. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a gefen layi, kowa fuska a murtuke. Sufeto ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kasa gane wa suke wa makoki, Liman ko kwalbarsa.